Hayis ɗin Gidan Burodi da Neman Kayan Gyara na Asali

Motar da ake magana a kanta Toyota Hiace ce ƙirar 1996, mai shafaffiyar fuskar nan da direba ke zama a kan inji, wadda kowa ke kira Hayis. Ta wani gidan burodi ce a Kano, aikinta kuma ɗaya ne: ana idar da sallar asuba a loda mata burodi, ta kama hanyar Katsina tana sauke wa masu shayi da masu kanti har Bichi da ƙauyukan gefenta, ta dawo kafin azahar. Mai gidan burodin kawuna ne, ni nake riƙe masa littafin shige da fice, don haka duk kwabon da motar ta ci sai ya bi ta hannuna.

Kamfanin Toyota ya fara wannan zubi na Hayis a 1989, ya ci gaba da shi har 2004, shekarar da ya fito da wadda 'yan tasha ke kira Homa. Tamu mai fetur ce, injinta 2RZ mai lita 2.4, da kafireto, gangar jikin injin baƙin ƙarfe, kansa kuma alminiyam. Inji ne mai haƙuri, kaca ce ke juya bawul ɗinsa ba bel ba, kuma kusan kowane bakanike a Arewa ya taɓa kwance irinsa. Abu ɗaya ne ba ya yafewa: zafi.

Abin da ya faru

Da bazarar 2024, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, famfon ruwan motar ya fara ɗiga. Direba ya tsaya wani shago a bakin titi, aka ba shi sabon famfo a kwali mai tambarin Toyota, a farashin da ya yi masa daɗi, aka ɗaura. Ba a jima ba, wata safiya suna dawowa, allurar zafi ta haye, kujera ta ɗau ɗumi, tururi ya fara fita ta ƙarƙashinta. Kafin ya samu gefe ya tsaya, aikin gama ya gama. Gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone, ruwa ya gauraya da baƙin mai ya koma kamar kunun gyaɗa, kan injin kuma ya ɗan karkace.

Da bakanike ya kwance famfon ya ajiye shi kusa da tsohon da aka cire, ko yaro zai gane bambanci. Tsohon yana da nauyi a hannu, an zuba sunan AISIN a jikin ƙarfensa. Sabon shafal yake, babu suna ko ɗaya, sandar tsakiyarsa tana wasa idan ka girgiza ta, farfelarsa kuma ta kwance tana juyawa ita kaɗai ba ta tura ruwa. Kwalin ne kawai ya yi kama da na gaskiya.

Asarar ba ta tsaya a inji ba. Duk ranar da motar ta kwana a gareji sai an ɗauki shatar wata, kuma mai shayin da ya rasa burodi kwana biyu a jere, ranar ta uku wani gidan ya riga ya shige masa. Ga kuma canji. Bayan da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da ake samu wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a Fabrairun 2024, kuma kusan duk kayan wannan mota daga waje ake kawo su. Maganar sayar da ita a sayi Homa ba ta ko taso ba. Zaɓi biyu ya rage: a sayo wani injin ɗan Beljiyam, wato wanda aka yi aiki da shi a waje, a ɗora, ko a gyara wanda ke ciki da kaya na gaskiya.

Bakaniken, dattijo ne da ya daɗe yana duba motar, ya ce: "Alhaji, injin nan na san cikinsa, bai taɓa shan mai ba. Wanda za a kawo mana kuwa ba mu san wahalar da ya sha ba. A gyara wannan, amma don Allah kada a sake kawo min kayan da zan ɗaura yau in kwance gobe."

Kawu ya ce: "To Malam, na ji. Amma a ina za a samu na asalin da ba zai cinye ribar shekara ba?"

Wannan tambaya ita ce aka ɗora min.

Lamba kafin kasuwa

Yadda aka saba shi ne a shiga kasuwa a ce "famfon ruwa na Hayis", ko a riƙe tsohon a hannu ana gwadawa. Nan ne matsalar take farawa, domin sunan Hayis ya rufe motoci da yawa da ba su haɗa komai ba. Akwai mai 1RZ, akwai mai 2RZ, akwai masu gas irin 2L da 3L da 5L. Daga 1995 ma, Hayis ɗin da aka riƙa sayarwa a Turai wata mota ce daban mai ɗan hanci a gaba, don haka kayan da aka kwanto daga Turai da sunan Hayis ba lallai su hau tamu ba. Akwai kuma wani tarko: injin 2RZ-FE da ke cikin wasu a-kori-kura na Amurka bawul 16 gare shi, namu kuwa 8. Suna kusan ɗaya, amma kan injin da gasket ɗinsa daban.

Maganin wannan yana jikin motar. Akwai ɗan faranti na ƙarfe da kamfani ya liƙa, ɗauke da lambar samfuri da lambar shasi da sunan inji. Da muka goge baƙin man da ya rufe namu, sai ga RZH113L. Haruffan RZ na nufin dangin injin, H na nufin Hayis, L ɗin ƙarshe kuma sitiyari a hagu. Da wannan lamba da ta shasi, mutum zai iya shiga kundin kayan Toyota da wasu shafukan intanet irin su Partsouq da Amayama da Megazip ke nunawa kyauta. Za ka ga zanen kowane sashe na motar a warwatse, kowane ƙarfe da kowace roba da lambarsa.

Lambar kayan Toyota guda goma ce, biyar a gaba, biyar a baya. Biyar ɗin farko suna faɗin irin kayan: 16100 famfon ruwa ne, 16400 lagireto, 11115 gasket na kan inji, 04111 cikakken saitin gasket, 31250 farantin kuloci, 04465 takalmin birkin gaba. Biyar ɗin baya su ke bambance na wace mota ne. Wani lokaci kamfani kan sauya tsohuwar lamba da sabuwa, kundin kuma yana nuna hakan. Wannan yana da amfani ƙwarai ga tsohuwar mota, don sau da yawa abin da mai shago zai ce maka an daina yi, yana nan, lambarsa ce ta canza.

Na rubuta lambobin duk abin da ake bukata a takarda. A ganina wannan takarda ita ce ta fi komai rage mana kuɗi, domin da ita ne aka iya tambayar wurare daban-daban farashin abu guda tak. Wanda ya ce "na Hayis" yana kwatanta farashin abubuwa uku ne bai sani ba. Kuma mai shago da ya ga ka zo da lamba, yakan ture kwalin da ke gaba ya shiga ciki ya ɗauko wani.

Wa ya ƙera wa Toyota?

Abu na biyu da ya buɗe mana ido shi ne sunan nan na AISIN a jikin tsohon famfo. Toyota ba ta ƙera kowane abu da ke cikin motarta da hannunta. Aisin, wanda ke cikin rukunin kamfanonin Toyota, shi ke yin famfon ruwa da kuloci da kan fanka (abin da ke riƙe fankar inji yana juya ta) na motocinta da dama. Denso, wanda ya fita daga jikin Toyota a 1949, shi ke yin fulogi da kik da dayinamo da lagireto. Boris kan fito daga Koyo ko NSK, robobin tare mai kuma daga NOK. Waɗannan kamfanoni suna sayar da kayansu a nasu kwalin, a farashin da ya gaza na kwalin Toyota.

Mun ga wannan da idonmu a wani shago a Ƙofar Ruwa, kasuwar da duk mai neman kayan mota a Kano ba ya rasa zuwa. Mai shagon ya fito da famfo biyu ya jera a kan benci, ɗaya a kwalin Toyota, ɗaya a kwalin Aisin. Bakanike ya juya su, ya auna nauyinsu a tafin hannu, ya murza farfela ya ji yadda take tafiya da ɗan tauri ba wasa. Sannan ya nuna min wani ɗan wuri a jikin na Aisin da aka goge ya yi sumul, daidai inda tambarin Toyota yake a jikin ɗayan. Zubi ɗaya ne, sunan kawai aka kankare. Muka ɗauki na Aisin.

Sai dai a kula, masu jabu ba su bar waɗannan kamfanoni ba su ma. Ana buga kwalin Denso da na Koyo na ƙarya kamar yadda ake buga na Toyota. Don haka kwali ba hujja ba ne. Abin dubawa shi ne kayan kansa: nauyinsa, tsaftar zubinsa, sunan da aka zuba ko aka buga a ƙarfe, da rubutun takardar da ke manne, ko ya fita tas ko ya yi dishi-dishi. Babbar alama kuma ita ce farashi. Idan kaya ya zo da sunan Japan amma kuɗinsa ya yi daidai da na wanda ba shi da suna, to akwai magana. Kawu da kansa ya faɗa a wurin, araha ba ta ado.

A nan ina so in yi wa 'yan kasuwa adalci. Yawancin waɗanda muka shiga shagonsu ba su ɓoye mana komai ba. Za su ce maka ga orijina, ga mai bi masa, ga ɗan Chana, kowanne da kuɗinsa. Mai saye ne kan ce a ba shi mai sauƙi, daga baya ya dawo yana zagi. Wanda ya cancanci zargi shi ne mai sa na ukun a kwalin na farko.

Abin da aka saya sabo, da wanda aka saya tsoho

Da aka zauna da takardar, bakanike ya raba kayan gida-gida, kuma rabon nasa ne ya sa kuɗin ya isa.

Gasket na kan inji ya ce ba ya son na kowa sai na kwalin Toyota. Dalilinsa a fili yake: kuɗin gasket kaɗan ne idan aka kwatanta da aikin kwance kan inji, kuma idan ya sake ƙonewa, alminiyam ɗin da aka riga aka kankare sau ɗaya ba lallai ya ɗauki na biyu ba. Haka tamosta, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya yi zafi, da murfin lagireto. An tambayi dillalan kamfani na hukuma, kuma ya kamata kowa ya fara tambayarsu, ko don ya san farashin gaskiya da zai auna sauran da shi. A Najeriya akwai Toyota Nigeria Limited da dillalansa, akwai kuma kamfanin CFAO, wanda yake a Nijar ma. Amma ga motar da ta kusa shekara talatin, ba kowane abu ake ajiyewa a kanta ba, wani sai an yi oda an jira.

Mu ta Dubai muka bi. Daular Larabawa babbar matattara ce ta kayan Toyota, sababbi da tsofaffi, kuma akwai 'yan kasuwar Kano da ke sauke kaya daga can a kai a kai. A lokacin yawancin katunan naira ba sa biyan kuɗi a shafukan waje, saboda haka muka ba wani ɗan kasuwa da Kawu ya yarda da shi lambobin, ya sa wakilinsa ya saya, aka haɗo da kayansa. Dabarar ita ce a tara ƙananan abubuwa marasa nauyi a oda ɗaya: gasket, tamosta, robobin bawul, murfin lagireto, tiyo. Kuɗin dako a kan nauyi yake, don haka abu irin lagireto ko diram na birki, ribar da aka samu a farashi dako ne zai cinye ta.

Kan injin kuwa an kai shi wurin masu injin kankara. Aka ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe aka ga inda haske ke ratsawa, aka gwada shi da ruwa da iska ko ya tsage, aka samu bai tsage ba, aka kankare shi kaɗan. Da ya tsage, da sai a nemi ɗan Beljiyam, wanda a nan yake da amfani sosai.

Ɗan Beljiyam shi ma kayan kamfani ne na asali, an dai yi aiki da shi. Ana kwanto shi daga motocin Turai da Japan, wasu ta wuraren kwance motoci na Sharja da ke Daular Larabawa, ya sauka Legas, kasuwar Ladipo da ke Mushin ta rarraba shi zuwa Ƙofar Ruwa da Panteka ta Kaduna da Apo ta Abuja. Na Japan sukan zo da sauran ƙarfi, domin binciken lafiyar mota da ake yi a can yana da tsauri da tsada, har mutane kan rabu da mota tun tana da kyau. Ga ƙarfen da ba ya cinyewa da sauri, kamar giyabos, aksul, ƙofa, kik, dayinamo ko kafireto, tsoho na asali ya fi sabo marar suna nesa ba kusa ba. Mun sayi kan fanka ɗan Beljiyam a haka, bayan bakanike ya juya shi da hannu ya ji yana riƙewa, da sharaɗin in bai yi ba a dawo da shi. Wannan sharaɗi a yi shi a gaban shaida, a sa wa kayan alama da fenti, a rubuta a rasit.

Amma duk abin da yake roba ne ko mai cinyewa ne, ba a sayensa tsoho: bel, tiyo, boris, takalmin birki, famfon ruwa, boljoyin. Robar da ta shekara ashirin a wata mota ta riga ta tsufa ko da idonka bai gani ba.

Fitilar baya da ta fashe da hannun ƙofa kuwa, na Jinbei aka sa. Kamfanin nan na Chana ya fara haɗa wannan zubi na Hayis a 1991 da izinin Toyota, shi ya sa kayan jikinsa da dama ke hawa. A irin wannan wuri ban ga laifin araha ba, tunda fitilar baya ba ta kashe inji.

Abubuwa biyu da suka fito a tsakiyar aiki

Da aka buɗe gidan tamosta, sai aka tarar babu komai a ciki. Wani ya cire ta tun kafin motar ta zo hannun Kawu. Al'ada ce da ta yaɗu a garejinmu, wai ƙasarmu da zafi, tamosta ta ƙasar sanyi ce. Ban yarda da wannan ba. Injin da ba shi da ita yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, musamman da asubar hunturu, ya sha mai, ya ci jikinsa. A injuna da dama kuma ita ce ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba. An mayar da ita. An kuma daina zuba ruwan rijiya zalla, wanda ya cika lagireton da tsatsa har sai da aka kwance shi aka wanke, aka koma ruwan sanyaya inji na gwangwani.

Na biyu ya shafi mutane ne. Sanannen abu ne cewa bakanike kan samu ɗan ihsani daga mai shago idan ya kai ciniki, kuma hakan kan sa wani ya karkata ga kayan da ihsaninsa ya fi tsoka. Amma tushen abin yana wurinmu masu mota: za a yi ta ja-in-ja a kan kuɗin aiki har a ba mutum abin da bai kai wahalarsa ba, sannan a yi mamaki in ya nemi cikon a wani wuri. Kawu ya ce: "Malam, faɗi kuɗin aikinka yadda zai ishe ka, ba zan rage ba. Kaya kuma ku je tare da yaron nan, kai ka zaɓa, shi ya biya." Dattijon ya ce: "Alhaji, da kowa zai yi haka, da mun huta." Tun daga nan duk abin da aka cire daga motar ana dawo da shi gidan burodi a buhu.

Inda aka tsaya

Da aka tattara lissafi, gyaran gaba ɗaya bai kai kuɗin da aka nema a kan injin ɗan Beljiyam ba, kuma kaso mafi girma ya tafi ne a aikin kan inji da shatar motar da ta riƙe hanya, wato ɓarnar da famfon jabu ya jawo. An ɗaure kan injin da sifana mai awo, ƙusa bayan ƙusa bisa tsarin da kamfani ya tsara. Motar ta koma hanyar Bichi, ta ratsa damina da hunturu da wata bazarar, allurar zafi ba ta wuce tsakiya ba.

Littafin shige da fice ya samu sabon shafi: kowane kaya da lambarsa, da sunan wanda ya ƙera shi, da inda aka saya, da ranar da aka ɗaura. An hana direba sayen komai a hanya sai abin da zai kawo motar gida, shi ma a canza shi idan an iso.

Sauran aiki guda, shi ne sitiyari, wanda ya fara wasa. An samu na Japan masu kyau a kasuwa, amma Japan sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama da sitiyari a hagu tun 1972, don haka ba za su hau ba. Akwai masu juya su da walda, Kawu ya ce ba a motar da ke ɗauke da direba da yaran mota biyu ba. An sa sababbin kawunan tayarod na Japan don a rage wasan, an kuma ba mutum biyu lambar, ɗaya a Ladipo ɗaya a Sharja, su nemo na motar da lambarta ta ƙare da L.